Lissafin Ungozoma

Wani yaro ya zo da alli da faffaɗar takarda,
ya zana lamba a ƙyauren gidana a Laranto,
ya ce, Mama, ku nawa ke kwana a nan?
Na ce, ni da rediyo.
Amma in mutanen Jos ka fito ƙirgawa,
jawo kujera, takardarka ta yi kaɗan.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin haihuwa na Jankwano,
almakashina ya san cibiyar garin nan.
Kowa da yare guda yake isowa,
a jiƙe, hannu a dunƙule,
sai daga baya a raba musu suna da unguwa.

Mai kabeji a Farin Gada,
wanda ke yi mini gyaran tumatur uku,
ta ƙafa ya fito, muka yi gumi cikin sanyin asuba.
Kachollom mai gwaten acca a Gada Biyu
bakwaini ce, tafin hannuna ya ishe ta shimfiɗa,
yau tukunyarta sai mutum biyu ke saukewa.
Obiageli na kantin magani a Apata,
Rasaki na bisa keken ɗinki a Nasarawa,
Ɗanliti na fasa tsohon inji a Dilimi,
jikan waɗanda kuza ta kira Gangare,
kuza ta ja baya, su suka zauna.
Shi kuwa Dakta Nanzing na jami'a,
ya wuce ni a Naraguta, gilashin mota a rufe.
Bai sani ba, marin farko da ya sha a duniya
ni na yi masa, kuma ba a kunci ba.

Matan barikin Rukuba sun zo mini da Hausar soja,
matan ruga sun zo da ƙwarya, sun haihu ba ko tari,
'yan Rayfield sun zo da akwati da turare.
Naƙuda ba ta duba takalmi.

Rubuta wannan a gefe.
Wani dare wuta ta ɗauke, fitila ɗaya ta rage,
gadon jarirai ɗaya, bargo ɗaya.
Na kwantar da Davou da Sa'adu kafaɗa da kafaɗa,
suka ɗumama juna har gari ya waye.
Yau ɗaya na Anguwar Rogo, ɗaya na Kabong,
tun shekarar da hayaƙi ya rufe duwatsu
akwai kwanar da mai keke ke tsayawa
ya ce, Mama, nan ce iyakata.
Ko sun taɓa gogar juna a Tamunus,
gaban ƙonanniyar kasuwa, wajen masu gwanjo,
wannan na taya riga, wancan na cewa albarka?
Allah Ya bar wa kansa sani.

Akwai kuma goma sha bakwai da ba su yi kuka ba.
Na naɗe su da hannuna.
Su ma 'yan Jos ne na rabin sa'a,
wane gurbi ka tanadar musu?
Da waɗanda Abuja ta kwashe, sai Kirsimeti ko Sallah,
da waɗanda suka sauka Tashar Bauchi da ƙunshi ɗaya
daga garin da ba su son faɗin sunansa.

Yaron ya duba agogo, ya gyara zama.
Na ce, kai a ina aka haife ka?
Ya ce, Jankwano.
Na ce, ɗaga rigarka in ga aikin.
Ya yi dariya, ya kare ciki da takarda,
ya lalubi gurbin gidana,
ya rubuta: ɗaya.